FILIN SANA'A: KEKEN ƊINKI DA ƘURAR HUNTURU

Ƴan uwa manoma da makiyaya, an gama girbi, an cika rumbuna. Wasu sun sayar da wake ko rago, sun sayi keken ɗinki don sana'ar rani. Wannan dabara ce mai kyau. Amma keke dukiya ce. In ya lalace a ƙauye, mai gyara yana nesa. Ga kuɗin mota, ga kuɗin gyara, ga masu kaya suna jira.

Babban abokin gaban keke shi ne ƙura. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da burbushin yadi, ta toshe shi. Don haka ku kula da abubuwan nan.

1. WURIN AJIYA

A kafa keke cikin ɗaki, inda ƙasa take daidai, kada ya riƙa rawa. In an gama aiki, a rufe shi da zane. A hana yara wasa da shi.

2. SHARA DA MAI

Kowane mako a zame faranti na ƙarƙashin allura. A fitar da ƙoshiya. A share haƙoran da ke jan yadi da gashin kaza. Sannan a ɗiga mai, ɗigo ɗaya a kowane ɗan rami. Man keken ɗinki kaɗai ake sawa. Kada a sa man gujiya ko man shanu: suna daskarewa kamar ƙaro, keke ya yi nauyi. Wanda ya riga ya sa, ya wanke da kananzir, ya goge, sannan ya sa man kirki.

3. ALLURA

Allura tana da lamba. Lamba 11 ta yadi marar kauri ce. Lamba 14 ta atamfa ce. Lamba 16 ko 18 ta kaki ce da yadi mai kauri. A baƙaƙen kekuna irin Butterfly na ƙasar Sin, gefen allura mai faɗi yana duban dama, zare kuma ya shiga daga hagu. A tura ta sama har ƙarshe kafin a ɗaure. In keke yana tsallake ɗinki, a fara duba allura: ko ta lanƙwashe, ko ta dakushe, ko an sa ta a juye.

4. ZARE

Keke da zare biyu yake ɗinki, na sama da na kwarkwaro. In zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, na sama ne ya yi sako-sako. A ɗaga ƙafar da ke danne yadi, a sake zura shi, a ɗan matsa maɗaurinsa. In yana yawan tsinkewa, an matse shi da yawa, ko zaren ya tsufa.

5. HANNU DA ƘAFA

A juya ƙafar keke ta wajenka, ba baya ba. Kada ka ja yadi da ƙarfi. Haƙora ne ke tafiya da shi. Ja yana karya allura. In igiyar fata ta saki, a yanke kaɗan, a sake haɗa ta.

Kada ku jira jajibirin Salla kafin ku duba kekenku. Ranar kasuwa ku sayi kwalbar mai da allurai na ajiya. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa telan garinsu. A wata mai zuwa za mu yi bayanin awo da yanka rigar yaro.