Rigar Ruwa Kafin Taru

'Yan'uwa, wani saurayi a Ƙofar Mata ya kwashi adashi, zai sayi kwale-kwalen katako ya shiga sana'ar su a Kogin Wudil. Madalla. Ya lissafa mini kuɗin taru da ƙugiya da filafili, har da fenti, amma babu rigar ruwa. Wai tsada.

A ganina rigar nan ce farkon sayayya, sai ƙwaryar kwarfar ruwa. Taru ya jira. Shi ɗan birni ne, iyonsa na kududdufi, ba kamar sarkawan Wudil ba. Kada kuma kwaɗayin kuɗin fito ya sa shi ɗaukar fasinja. Jirgin da ya kife a Bagwai a Nuwamba 2021, lodi ne ya yi masa yawa, yara da dama suka rasu.