Tsohon teku a cikin buhun sumunti

Duk buhun sumunti mai kilo 50 da ake saukewa daga kamyo a kasuwar Sabon Maci asalinsa dutse ne. Ƙasar Dakoro rairayi ce, don haka sai an je jahar Tawa, inda masana'antar Malbaza ke haƙar dutsen farar ƙasa tun shekarun 1960.

Wannan dutse ƙasan teku ne. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, wani ruwan gishiri marar zurfi ya ratsa Sahara, ya rufe Adar har zuwa Sakkwato. Ƙananan halittun ruwa suka yi ta mutuwa, ɓawonsu ya taru rufi bisa rufi har ya daskare. Shi ya sa mai kiwo a duwatsun Adar yake tsintar katantanwa da ta zama dutse, a wurin da yau ake wahalar ruwan sha. Jijiyar dutsen nan ba ta san iyaka ba: irinta ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato. Ana niƙa shi, a gama da laka, a gasa a zafin da ya kai digiri 1450.

To, ramin da aka bari fa? A nan maganar take. Idan damina ta sauka, irin wannan rami yakan zama tafki. Kwaɗi su fara zuwa, balbela da shamuwa su biyo su, damo ya samu maɓoya tsakanin duwatsu, makiyayi ma ya kora garkensa can. Amma ramin da aka bar gefensa tsaye kamar bango tarko ne ga yaro da saniya, kuma gidan sauro ne. Abin da ke raba tsakani bai fi aikin buldoza ba: a kwantar da gangaren, a maido ƙasar sama da aka kankare tun farko, a dasa bagaruwa da aduwa.

Dokar kare muhalli ta 29 ga Disamba 1998 ta wajabta binciken illa kafin a fara irin wannan aiki. A ganina ma'aikacin da ke sa hannu kan takardar izini ya kamata ya nemi tsarin gyaran ramin tun injina na aiki, lokacin da kuɗi ke shiga. Haka nan magajin gari ya yi da ramukan tsakuwa da 'yan kwangila kan bari a bakin hanyar Maraɗi zuwa Dakoro.