Alƙalan Geneva sun yi daidai da suka ƙi zaɓen gwani ɗaya

'Yata ce ta miƙo min waya wani dare bayan isha, ta ce, "Baba, kalli yarinyar nan da gogen Turawa." Na karɓa da niyyar leƙawa kawai, sai ga ni har shayina ya huce ban ajiye ba. Yarinyar ita ce Chloe Chua, 'yar Singafo, shekarunta 11 a lokacin, tana tsaye gaban manyan makaɗa a birnin Geneva na Siwizalan, a zagayen ƙarshe na gasar Menuhin ta 2018. Babu mai sanda a gaba yana ba da umarni. Da numfashinta da ɗaga kafaɗarta take jan dattawan da suka haife ta.

Shahararren mai goge Yehudi Menuhin ne ya kafa gasar a 1983 a Folkestone ta Ingila, kuma rukunin ƙanana na waɗanda ba su kai 16 ba ne. A wannan rukunin ne a 2018 alƙalai suka raba matsayi na ɗaya tsakanin Chua da Christian Li, ɗan Ostareliya mai shekara 10. 'Yata ba ta ji daɗin haka ba. A ganinta gasa ba gwani ɗaya tamkar dambe ne ba kisa.

Ni kuwa ina bayan alƙalan. Biyolin, wato gogen Turawa, tsirkiya huɗu gare shi, kuma wuyansa sumul yake, ba alamar da za ta nuna wa yatsa inda zai sauka. Kunne ne jagora, kamar dai gogenmu mai izga. Yatsa ya kauce kaɗan, sauti ya karkace, kowa ya ji. Wannan ana iya aunawa, a ba da maki. Amma yaron da ya kai zagayen ƙarshe ya daɗe da wuce nan. Abin da ya rage shi ne ɗanɗano, shi kuwa ba ya hawa sikeli.

Dubi ma abin da suka kaɗa. Dukansu daga kiɗan yanayi huɗu na Vivaldi suka ɗauka, wanda aka buga tun 1725. Chua ta ɗauki hunturu, da karkarwar sanyi da haɗuwar haƙora. Li ya ɗauki bazara, zafi mai kashe jiki da hadarin da ke ɓarkewa a ƙarshe, yana kaɗawa kamar zai tsinke tsirkiya. To wa zai ce min sanyi ya fi zafi da maki biyu?

Ban ce a daina gasa ba. Ita ce ke sa duniya ta ji yaro, ga shi Li ya samu kwantiragi da kamfanin kiɗa na Decca a 2020. Abin da ke damuna shi ne yaron da ya zo na biyu, wanda ya kwashe rabin rayuwarsa yana atisaye yayin da tsaransa ke wasa, a sallame shi da labarin cewa wani ya fi shi, alhali bambancin son ran alƙali ne.

'Yata dai ba ta yarda ba. Har yau tana cewa Chua ce ta ci, kuma hunturun kawai take maimaitawa a wayata.