Ruwan Sama Ba Maƙiyi Ba Ne, Sakaci Ne Maƙiyinmu

Ya kai mazaunin Yamai, duk damina sai ka kwana kana kwalfar ruwa daga ɗaki, sannan masu mulki su zo su ce maka ikon Allah ne. Ruwa kam na Allah ne. Amma magudanar da leda da rairayi suka toshe, wa ya bar ta haka?

Sun gina otal-otal domin taron Tarayyar Afirka na 2019, sun kira shirinsu Niamey Nyala. Daminar 2020 ta nuna maka iyakar ƙawar. Sun shimfiɗa siminti da kwalta, ruwa ya rasa inda zai nutse, ya bi layi, ya ci ginin laka, ya tafi da ƙasa zuwa Gunti Yena.

Yi lissafi da kanka. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin mita 100 a ruwan milimita 30 yana zubo lita 3,000. Gida ɗaya ke nan.

Akwai magani mai araha: lambun tare ruwa. Kwari ne mara zurfi da ake haƙawa inda indararo ke zuba, nesa da katanga, rijiya da masai. A gauraya ƙasarsa da rairayi da taki, a dasa gamba ko jema. Ruwa ya taru, ya nutse cikin kwana ɗaya ko biyu, kafin sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi, domin shi sai ya yi kusan mako. Ba dabarar Turawa ba ce kaɗai: manoman Tawa sun daɗe suna tare ruwa da rabin wata da tassa.

Lambun ba zai tare kogi ba, wannan aikin madatsa ne. Amma ruwan da ke lalata layinku zai ragu. Abin da muke nema: lambu a harabar kowace makaranta, kasuwa da gidan likita, matasan unguwa su haƙa a biya su, a yashe magudanu kafin watan Yuni.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arka, tambaye shi: ina ruwan unguwarmu zai tafi? In ya rasa amsa, hana shi.