Sanƙarau ba iri ɗaya ba ne

Idan hunturu ya shigo, ƙura ta tashi, sanƙarau yana kusa. Daga nan har bazara lokacinsa ne, sai ruwa ya sauka yake ja da baya. Dattawan Maraɗi da Tibiri ba su manta da 1995 ba, shekarar da cutar ta kwantar da dubban mutane a Nijar. A 1996 ta kashe mutum kusan 25,000 a Afirka.

A watan Disamba na 2010 aka soma babban rigakafi da wata sabuwar allura mai suna MenAfriVac, wadda aka sarrafa a ƙasar Indiya. An yi wa masu shekara 1 zuwa 29. Ta yi aiki ƙwarai. Irin sanƙarau da ake kira A, wanda ya fi yi mana ɓarna, ya kusa ɓacewa.

To, a nan ne wasu suke kuskure. Muna jin magidanta suna cewa: "An riga an yi mana, ya ishe mu." Bai ishe mu ba.

Allurar rigakafi ba ta warkar da mai ciwo. Aikinta ta nuna wa jiki kamannin ƙwayar cuta tun kafin ta zo, yadda ake nuna wa mai gadin rumbu fuskar ɓarawo. Jini ya riƙe kamannin, ranar da ƙwayar ta shigo sai ya gane ta, ya far mata. Amma mai gadin da aka nuna wa ɓarawo ɗaya ba zai gane na biyu ba. Ƙwayar sanƙarau tana da dangi: A, C, W, X da Y. A 2015 irin C ya taso a Nijar, ya kashe mutum fiye da 500, galibi wajen Yamai da Doso. Allurar 2010 ba ta san shi ba. Saboda haka masana suka ci gaba da aiki har suka haɗa allura mai tsare iri biyar, aka soma amfani da ita a 2024.

Ga kuma yaran da aka haifa bayan wancan gangami. Allurar da aka yi wa uba ba ta tsare ɗansa.

Mun san lokacin yana karo da aiki. Mai noman rani a Jiratawa ba ya son barin ban ruwa. Amma mutumin da ke kai jar akuyarsa ga malamin dabbobi bai kamata ya hana matarsa wuni ɗaya ta kai yaro gidan likita ba. A adana katin rigakafi, a koma ranar da aka rubuta.

In kuwa yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, ko maɗigar jariri ta kumbura, kada a jira gari ya waye. Akwai magani a gidan likita, amma cutar tana iya kisa cikin kwana ɗaya, wanda ya tashi a makare kuma yakan kurumce.