Araha ba ta ado: a bar wa faifai darajarsa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu kallon fina-finai: wai zamanin faifai ya wuce, tun da duk abin da ke cikinsa ana samunsa ta intanet. Maganar nan kuskure ce, kuma fim guda ya isa ya ƙaryata ta.

A shekarar 2017 kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fitar da Justice League, labarin jarumai irin su Superman da Batman. Zack Snyder ne ya fara shirya shi, amma ya janye bayan rasuwar ƴarsa, Joss Whedon ya ƙarasa, aka datse shi zuwa awa 2. A 2021 aka ba Snyder dama ya fitar da nasa, mai minti 242. Ya fara fitowa a HBO Max, daga baya aka buga shi a faifan Ultra HD Blu-ray, aka raba shi gida biyu.

Me ya sa aka raba shi? Domin hoto yana bukatar wuri. Faifan DVD na talaka yana ɗaukar gigabayit 4.7, Blu-ray 25 ko 50, Ultra HD kuwa 66 ko 100. Duk da wannan yalwa, masu bugawa sun ƙi cusa awa 4 a faifai guda, don kada su matse hoton. Mai aikowa ta intanet ba shi da wannan kara: dole ya matse, don hoton ya bi ta siririyar hanya ba tare da tsayawa ba.

Matsi kuwa ba ya cin komai sai abin da ya fi laushi. An ɗauki fim ɗin nan a kan zaren fim na milimita 35, mai ƙananan ƙwayoyi kamar garin gero da ke ba hoto rai. Yawancinsa kuma duhu ne, da hayaƙi, da ruwan sama. Nan ne na'urar matsi ke gazawa: ƙwayoyin su narke, fuska ta zama kamar an shafe ta da kakin zuma, duhu ya rarrabu layi-layi. A faifai, inuwa tana nan da zurfinta.

Wasu na ƙorafin baƙaƙen shinge biyu a dama da hagun allo, suna cewa faifan ne ya lalace. Sam! Snyder ne ya zaɓi siffar 4:3, wadda ta kusa da dogon allon IMAX, domin jaruman su tsaya da tsawonsu. Wanda ya miƙe hoton don ya cika telebijin ɗinsa ya mai da Superman gajere mai faɗi.

Mu nan mun san ƙarshen wannan hanya. Mun ga faifan da aka jibga wa fina-finai goma a kasuwa, mun ga wanda ake tura mana a waya, hoto duk ya dagule. Mun saba da shi har muna ɗauka haka fim yake. Ba haka yake ba. Daruruwan ma'aikata sun ɓata shekaru suna auna haske da launi, kuma haƙƙinsu ne a ga aikinsu yadda suka yi shi. Wanda ya ce babu bambanci, ya kalli biyun a jere, sannan ya zo mu yi magana.