Injinan Jikinmu Ba Su Aiki Da Yunwa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, maganar wake da gyada nake so in yi, amma ku yi mini haƙuri in biyo ta ajin ilmin halittu tukuna.

Kowa ya san farin ƙwai. Ruwa ne garau, amma da ya ji zafin kasko sai ya sandare. Dalili kuwa shi ne cike yake da furotin, wato sinadarin nan mai gina jiki. Kowane furotin zare ne dogo wanda aka naɗa naɗi na musamman, kamar rawanin basarake. In naɗin ya yi daidai, ya yi aikinsa. In ya warware, sai zaren ya cukuikuye da na kusa da shi, aiki ya tsaya. Jikinmu bai kai zafin kasko ba, amma duk da haka kullum sai wasu furotin sun lalace a cikinsa, in zazzaɓi ya zo kuwa abin ya ƙaru.

To, Allah cikin ikonsa ya sa wa kowace ƙwayar halitta ta jikinmu waɗansu 'yan injina da ido ba ya gani. Na farko masana suka ba su sunan da ya yi daidai da 'yan rakiya, irin na amarya, don su ke riƙe sabon furotin kada ya yi mugun abota kafin ya naɗu. Akwai ma wani mai siffar tulu da murfi. Sai ya jefa furotin ciki, ya rufe na 'yan daƙiƙoƙi, ya buɗe. In bai naɗu ba, a sake. Wanda kuma ya ƙi gyaruwa, sai a liƙa masa wata lamba da ake kira yubikwitin, a miƙa shi ga injin niƙa mai suna furotiyasom. Shi wannan sai ya warware zaren, ya zura shi ta wata 'yar kafa, ya daddatsa shi, a kwashe tubalan a sake gini da su. Mutum uku da suka gano wannan tsari, Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose, sun sami kyautar Nobel a 2004.

Abin da ya ɗaure wa masana kai da farko shi ne, ashe rushewar ma sai an biya ta. Ba injin da ke motsi a cikin waɗannan sai ya ƙone wani makamashi da ake kira ATP, shi kuwa daga abincin da muka ci jiki ke yinsa. Kamar dai injin niƙan unguwa ne, komai kyansa, in ba mai sai a koma ga turmi. Aikin kuma ba kaɗan ba ne. Jikin babban mutum yana rushe furotin wajen giram 250 zuwa 300 kowace rana, ya sake gina shi. Yawancin tubalan na jiya ne ake sake amfani da su, amma kullum wani kashi yana salwanta, dole a cike gurbinsa ta baki.

Nan ne maganar ta iso gida. In tuwo ya yi ƙaranci, wannan injin niƙa da aikinsa share gida ne, sai ya juya kan tsokar mai gidan, ya riƙa niƙa ta don a sami abin da za a riƙe rai. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke auna damtsen yaro da ɗan tef mai launi uku. A watan Yuni na 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF tare da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara sun auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a yankunan Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Waɗannan ƙannenmu ne.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce 'yan bindiga sun hana noma, sun tashi ƙauyuka, ina wanda ba shi da tiyar gero zai sami wake? Gaskiya ne, kuma wannan nauyi yana wuyan hukuma, ba na uwar da ta gudo da goyo ba. Ba da ita nake ba. Da gidajen da Allah ya rufa wa asiri nake, waɗanda ke noma wake da gyada da waken suya, amma da kaka ta yi sai a ɗure su a buhu, a nufi kasuwar Shinkafi ran Alhamis, a bar yara da tuwo da miyar kuka tsura har wata kaka. Wannan ɗabi'a ta daɗe. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929 muka saba kallon gyada a matsayin kayan sayarwa, ba cimar gida ba.

Tuwo kuwa ba laifinsa, shi ne man injin. Amma iri 20 ne tubalan furotin, 9 daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, sai an ci. Gero da dawa da masara suna da ƙarancin ɗaya mai suna laisin, wake kuwa yana da shi sosai. Kakanninmu da suka haɗa ƙosai da koko, da fura da nono, ba su shiga aji ba, amma sun dace da lissafin. Mu ne muka mai da waɗannan abin marmari.

Sai kuma maganar nan da har yanzu ake ji a wasu gidaje, wai in an ba yaro ƙwai zai tashi ɓarawo. Ni dai ban ga hanyar da ta haɗa su ba. Haka nan al'adar tsame nama a kai wa maigida, a bar wa yaron da aka yaye romo. Maigida ya gama girma, gyara kawai jikinsa ke yi. Yaro kuwa ga gyara ga sabon gini, ga zazzaɓin damina da ke ƙara wa injinansa aiki.

Roƙona ga iyayenmu maza, in an zo ɗinke buhuna bana, a ware na gida tun kafin dillali ya yi sallama, ko da tiya goma ce ta wake da biyar ta gyada. Iyayenmu mata sun san yadda za su yi da su, daga kunun gyada har awara da alala. Mu ɗalibai kuma, kwabon da muke kashewa a alewa lokacin tara, ƙuli-ƙuli ya fi cancanta da shi. Ina kuma fatan a taron iyaye da malamai mai zuwa wani zai kawo shawarar a ware kunya ashirin a gonar makaranta a shuka waken suya.